Tambaya da Amsa: tsakanin kaɗanya da kanari, wa ya fi kusa da ƙarewa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, kuma ta farkon ce za ta cinye mafi yawan filin, domin ta taɓo abin da na yi shekara 30 ina fama da shi a aikin gandun daji a yankin Binuwai na Kamaru. Waɗanda suka aiko tambaya kan tsutsar masara su ƙara haƙuri zuwa wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Garwa. Malaminmu na kimiyyar halittu ya ce kowa ya zaɓi bishiya ɗaya da tsuntsu ɗaya, ya rubuto danginsu da matsayinsu a jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Na zaɓi kaɗanya saboda kakata da ke Ngong da man kaɗe ta yi rainon mahaifiyata, na zaɓi kanari saboda mahaifina yana da biyu a keji. Abin da na tarar ya ɗaure mini kai. An rubuta kaɗanya vulnérable, wato mai rauni, kanari kuma préoccupation mineure, wato babu fargaba. To ni dai duk sanda muka bi hanyar Ngong kaɗanya nake gani dama da hagu, kanari kuwa mahaifina ya ce yanzu sai an yi nisa cikin daji kafin a samu. Ko masu jerin nan sun yi kuskure ne? Daga wata ɗaliba, Garwa.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Masu jerin ba su yi kuskure ba, mahaifinki ma gaskiya ya faɗa. Amma mu fara da maganar dangi, tunda ita malaminku ya sa a gaba.

Sunayen Latin ɗin nan da kike gani bibbiyu, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya kafa tsarinsu, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. Ki ɗauki na farko a matsayin sunan gida, na biyu sunan yanka. Gidaje su haɗu su zama dangi, dangogi su haɗu su zama babban rukuni.

Kaɗanya sunanta Vitellaria paradoxa, kuma tun 1807 aka raɗa mata shi. Mu a littattafan da muka yi karatu da su Butyrospermum parkii muka haddace, sunan da aka jingina wa Mungo Park, ɗan Sikotilan ɗin da ya ga bishiyar a ƙasar Segu ta Mali a 1796 ya ba mutanensu labarin manta. In kin ci karo da wannan sunan kada ki ɗauka wata bishiya ce daban. Danginta Sapotaceae, kuma alamar dangin ita ce farin danƙon nan kamar madara da ke fitowa in an sari ɓawo ko an tsinki ɗanyen ɗa. Ki tuna yadda agwaluma ke manne wa mutum a leɓe: 'yar dangin ce, haka ma argan ta Maroko da ake tatsar mai mai tsada daga ƙwallonta. In aka ƙara hawa sama zuwa babban rukuni, Ericales, sai ki tarar da kanya da ganyen shayi a ciki. Kaɗanya iri biyu ce: tamu ta yamma, wadda ta taso daga Senegal ta ratsa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru har kudancin Cadi, da ta gabas da ake kira nilotica a Sudan ta Kudu da Uganda da Habasha, wadda manta ya fi namu laushi.

Kanarin da aka fi ajewa a nan, mai rawayan ciki da rawayar gira, toka-toka a ƙeya, da baƙin layi a gefen baki, shi ne Crithagra mozambica. An fara rubuta shi a 1776. Da a gidan Serinus yake, sai binciken ƙwayoyin gado na 2012 ya nuna cewa kanarin Afirka gidansu daban, aka fitar da su. Shi kanarin Turai da ake kiwo a keji, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne da ke tekun yammacin Maroko, yana nan a Serinus. Ki leƙa kejin mahaifinki da kyau kafin ki rubuta, domin akwai wani ɗan toka mai farin ƙugu, Crithagra leucopygia, wanda Faransawa ke kira chanteur d'Afrique, shi ma ana ajewa, kuma ni a kunnena ya fi mai rawayan zaƙin murya. Matsayinsu a jerin ɗaya ne. Danginsu Fringillidae, babban rukuninsu Passeriformes, wato tsuntsayen da ke da yatsu uku a gaba ɗaya a baya don riƙe reshe. Wannan rukunin shi kaɗai ya fi rabin jinsunan tsuntsayen duniya, waɗanda yawansu ya kai wajen 11,000. A cikinsa ne ake ware masu rera waƙa, kuma ba da daɗin murya ake ware su ba. Ana duba ƙirar wata gaɓa ce da ke can ƙasan maƙogwaro, inda hanyar iska ta rabu biyu, da kuma cewa 'ya'yansu koyon waƙar suke yi daga manya. Da wannan ma'aunin, hankaka ma yana cikinsu.

Ga abu ɗaya da nake so ki ja masa layi a takardarki. Gidan Crithagra yana da jinsi fiye da 30. Gidan Vitellaria kuwa kaɗanya ce kaɗai a ciki, ba wa ba ƙane. Ranar da ta tafi, an rufe gidan ke nan.

Yanzu ga abin da ya ɗaure miki kai. Jerin da kika duba na ƙungiyar kare halittu ta duniya ne, UICN, wadda aka kafa a Faransa a 1948, hedikwatarta kuma tana Gland a Suwizalan. Ta fara fitar da jan jerin a 1964. Matakansa tara ne. Biyu na waɗanda ba a auna ba ko bayani a kansu bai isa ba. Sauran sun jeru kamar tsani: babu fargaba, dab da haɗari, mai rauni, cikin haɗari, cikin matsanancin haɗari, ya ƙare a daji sai a hannun mutane, sai na ƙarshe, ya ƙare ƙaf. Kanari yana matakin farko. Kaɗanya tana na uku tun 1998, kuma daga na ukun nan ne ake cewa abu ya shiga sahun waɗanda ake tsoron ƙarewarsu.

Abin da masu jerin ke tambaya ba shi ne guda nawa ake gani yau a bakin hanya ba. Suna duba faɗin ƙasar da abu yake rayuwa a ciki, da yawan manyan da ke haihuwa, sannan babban ma'auninsu shi ne saurin raguwa. In jinsi ya ragu da kashi 30 cikin 100 ya shiga mai rauni, kashi 50 cikin haɗari, kashi 80 matsanancin haɗari. Tsawon lokacin da ake aunawa kuwa shekara 10 ne ko hawa uku na zuriya, daga kaka zuwa jika, duk wanda ya fi tsawo a ciki. A nan bishiyarki da tsuntsunki suka rabu.

Kanari tana yin ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kai kamar mako biyu, kafin shekara ta zagayo 'ya'yan sun isa yin nasu. Daga kaka zuwa jika a wurinsa 'yan shekaru ne. Yana nan a kusan dukkan Afirka kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Habasha har Afirka ta Kudu, kuma gona da saura ba sa korarsa, tunda 'ya'yan ciyawa da gero yake ci. Har a tsibiran Hawai da Moris, inda aka kai shi a keji ya kuɓuce, ya zama ɗan gari. In aka kwashe na wani daji, damina biyu uku masu kyau na iya mayar da su, muddin an bar su sun huta.

Kaɗanya fa? Wadda ta tsiro da kanta sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara 40 zuwa 50, kuma tana iya wuce shekara 200 a tsaye. Waɗannan da kike gani a hanyar Ngong, yawancinsu sun girmi kakarki. Kallon kitse ake yi wa rogo. Wata rana in kun tsaya, ki sauka daga mota ki shiga gona ɗaya, kada ki ƙirga manyan, ki nemi wadda kaurinta bai wuce damtsenki ba. Na yi wannan da ƙafata a wata gonar auduga kudu da Lagdo, saura 'yan watanni in bar aiki. Manya sun fi 20, kowace da inuwarta. Ƙarama ban samu ko ɗaya ba, har na zaga sau biyu. Na zauna a gindin ɗaya daga cikinsu raina a ɓace, domin na san abin da nake kallo: garin da babu yara a cikinsa, komai cikar masallacinsa da dattawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da can manomi yana noma gona 'yan shekaru ya bar ta ta zama saura shekara 10 ko fiye, kuma a cikin saurar nan ne 'ya'yan kaɗanya ke tsira su yi ƙarfi. Ranar da ya dawo yin sassabe sai ya zaɓi masu kyau ya bari. Tun da mutane suka yi ta gangarowa kwarin Binuwai daga arewa mai nisa neman ƙasar noma, saura ta yi wuya. Garmar shanu ba ta san tsiron kaɗanya ba, tana tafe tana tumɓukewa. Wanda ya tsira daga garma, awaki ko wutar daji su same shi da rani. Mata kuma suna tsince ƙwallon kusan duka, kuma ban ga laifinsu ba, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Manyan su ma ba su tsira ba, saboda itacen yana da nauyi da tauri, gawayinsa yana daɗewa yana ci, masassaƙa kuma suna sonsa don turmi. Bishiyar da ta yi shekara 100 tana girma, yini ɗaya ya ishi mai gatari.

Sauran maganar mahaifinki. Babu fargaba ɗin nan hukunci ne a kan duniya baki ɗaya, bai ce komai ba a kan dajin bayan garinku. Tsuntsu na iya ƙarewa a kewayen Garwa alhali yana cike a Zambiya, jerin kuma ba zai motsa ba. Kanarin nan yana cikin tsuntsayen Afirka da aka fi kwasa zuwa Turai a keji, har sai da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007. Kasuwar gida da ta sauran ƙasashe ba ta tsaya ba. Masu kamu suna kai namiji mai waƙa cikin keji mai tarko su rataye a reshe, 'yan uwansa su zo faɗa ko kallo su afka, kuma mazan da suka fi murya aka fi nema.

Kada kuma kowa ya ɗauka matakin farko wurin zama ne na har abada. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji, Emberiza aureola, da ke haihuwa a Rasha ya sauka kudancin Asiya da hunturu. Da can garkensa yakan rufe gonakin shinkafa. Kafin 2004 yana matakin da kanari yake yau. Aka yi ta kama shi da raga ana ci, musamman a Sin. A 2008 ya zama mai rauni, a 2013 cikin haɗari, a 2017 matsanancin haɗari. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ki gaishe da mahaifinki, ki ce masa ban ce ya saki na kejinsa ba. Roƙona biyu ne: kada ya sayi wanda aka kamo da damina zuwa kaka lokacin da suke kan sheƙa, kuma in zai iya ya haɗa mace da namiji su hayayyafa a gida, domin suna yi. Malamai sun san hadisin tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya, ta zo tana kaɗa fiffike, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata da su.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce jan-baki ma yana cikin tsuntsayen da Turawa suka sa a littafi. Mu nan ya hana mu sakat a gonar masakwa. Ke nan za a hana mu kama shi? Daga wani manomi, kusa da Kuseri.

AMSA: Malam, ka kwantar da hankalinka. Kusan kowane tsuntsu yana cikin littafin, shiga ciki ba ya nufin yana cikin haɗari. Jan-baki, Quelea quelea, ɗan rukunin kanari ne amma danginsa daban, na masu saƙar sheƙa. Matakinsa babu fargaba, kuma shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Maƙwabtanku na hayin Cadi sun daɗe suna kama shi da raga da dare a makwancinsa suna kai wa kasuwar Injamena.

Jerin UICN kuma ba doka ba ne, awo ne kawai, ba ya kama kowa. Abin da ke hana fataucin dabba tsakanin ƙasashe wata yarjejeniya ce daban, CITES, da aka sa wa hannu a Washington a 1973. Ita ce ta hana cinikin aku mai jan wutsiya na dajin kudancin ƙasar nan tsakanin ƙasashe bayan taron Johannesburg na 2016. Sai dokar gida, wadda ta kasa namun daji aji uku: A ba a taɓawa, B sai da takarda, C kuma ana kamawa bisa ƙa'ida. In don sayarwa za ka kama da yawa, ka fara zuwa ofishin gandun daji na yankinku. Abin da nake roƙonka kawai, ka guji zuba guba a bakin ruwa ko a hatsi. Ba jan-baki kaɗai take kashewa ba, tana haɗawa da zabin daji da shaho da kifin fadama, har ta dawo tukunyar gida.

TAMBAYA: Malam, sana'ata man kaɗe. Bishiyoyin gonar maigidana kauci ya hau su, 'ya'yan suna raguwa kowace shekara. Yara sun ce kanari ne ke kawo shi. Sannan tun muna ƙanana ake ce mana kaɗanya ba a shuka ta, Allah ke shukawa. Gaskiya ne? Daga wata uwargida, Tuboro.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. A wanke kanari daga wannan zargin, shi mai fasa ƙwaya ne, abin da ya ci ba ya tsira. Mai kawo kauci wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai rawayan goshi, ɗan uwan maƙwaƙwafi na nesa, wanda za ki ji shi da tsakar rana yana ta buga murya ɗaya kamar maƙeri na dukan ƙarfe. Yana haɗiye 'ya'yan kauci, ya dawo da ƙwayar mai yauƙi ya goge a reshe, ta manne ta huda ɓawo ta soma shan ruwan bishiyar. Kashe tsuntsun ba magani ba ne. A sa wanda ya iya hawa ya sare reshen da kaucin yake kai, ƙasa da kumburin da ɗan tazara, domin in an fizge ganyen kaɗai zai sake tohowa daga ciki. A yi da rani bayan an gama tsintar 'ya'ya, kafin bishiyar ta yi fure, kuma ki jawo maƙwabtan gona su yi nasu, in ba haka ba daga wurinsu zai dawo. Kada a sassare bishiya gaba ɗaya a shekara guda in kaucin ya yi yawa, a raba aikin biyu.

Akwai wani abin da ke rage 'ya'ya da mutane ba su cika lura da shi ba. Kaɗanya sai ƙudan zuma sun bi furenta take ɗaukar 'ya'ya sosai. Inda feshin magani ya yi yawa, ko ake ƙona amya don ɗibar zuma, bishiya za ta yi fure fari fat amma abin tsinta kaɗan. In da hali a rataya amya biyu ko uku a gonar.

Maganar shuka kuwa, komai Allah ke rayawa, amma ana shuka kaɗanya kuma tana fitowa, na shuka da hannuna a gandun renon itatuwa. Abin da ya sa mutane suka yanke ƙauna shi ne ƙwallon ba ya ajiyuwa. In ya bushe ya mutu, wanda kuma kika dafa don mai ya riga ya tashi daga iri. Ki zaɓi bishiyar da kika san 'ya'yanta sun fi zaƙi ƙwallonta ya fi mai, ki tsinci waɗanda suka faɗo da kansu, a cinye naman, a binne ƙwallon cikin mako guda, zurfin ɗan yatsa. Daga nan sai haƙuri, domin saiwa take fara turawa ƙasa, ta yi makonni ko watanni ba a ga komai a sama ba, har mutum ya ɗauka ta ruɓe. Wannan saiwar ce ke sa ta sake tohowa bayan wuta. Saboda ita kuma ba ta son a cire ta a dasa, gara a binne ta a inda za ta zauna. Masu aikin gona sun iya yi mata aure da reshen babbar bishiya, abin da ke rage shekarun jira sosai, ki tambayi malamin gona na yankinku ko akwai mai yi kusa da ku.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda manoman Maraɗi a Nijar suka raya tun shekarun 1980, suke kira sassaben zamani. Da farkon damina, kafin a sa garma, ki bi gonar da yaran nan da suka zargi kanari. Za ku ga 'yan tsiro masu jajayen sabbin ganye a gefen kunya da gindin tsofaffin kututture. Ku zaɓi biyar ko shida da ke nesa da inuwar manyan, ku kafa wa kowanne turke, ku ɗaura masa tsumma mai launi don mai garma ya gani ya kauce. Da kaka a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a share busasshiyar ciyawa taku biyu kewaye da su kafin lokacin wuta. In tsiro ya fito da rassa da yawa, a bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi. Ki rubuto mini bayan damina in ji guda nawa suka kai rani.